Fuska da suna: abin da na ɗauka daga kundayen Ghezzi

A ɗakin karatu na fadar Batikan akwai wasu manyan kundaye 8 cike da fuskokin mutanen birnin Rum na ƙarni na 18. Mutum ɗaya ne ya zana su, da alƙalami da tawada mai ruwan ƙasa. Sunansa Pier Leone Ghezzi, an haife shi a 1674, ya rasu a 1755. Ya raɗa wa kundayen Il Mondo Nuovo, wato Sabuwar Duniya. Duk wanda ya taka ƙasar Rum a zamaninsa kuma ya tsaya har aka gan shi, da wuya ya kuɓuta: manyan limaman coci, jakadu, mawaƙa, likitoci, 'ya'yan masu kuɗin Ingila da suka zo buɗe ido, har da kuku da bara da mai tuƙa keken doki. Yawancinsu ta gefe ya kalle su, hanci ya yi gaba, tumbi ya bi bayansa, ƙafafu kamar ba za su ɗauki mai su ba. A ƙasan takarda kuma sai ya yi rubutu.

Lokacin da muke karatun tarihin zane, a gurguje aka wuce da mu ta kansa. Abin da ya zauna mana shi ne yana cikin mutanen farko da suka mayar da zanen barkwanci sana'a, shi ke nan, aka buɗe wani babi. Sai da abinci ya kai ni aikin adana tsofaffin hotuna, ina haɗawa da koyar da zane, sannan na koma kansa. A wannan karon ban tsaya dariyar hancina ba. Rubutun ƙasan ne ya riƙe ni, da tambayar abin da ya sa mai barkwanci zai damu da rubuta suna da sana'a da shekara kamar magatakardan kotu.

Amsar da na gamsu da ita tana cikin ɗaya rabin rayuwarsa. Ghezzi ɗan gado ne, mahaifinsa Giuseppe mai zane ne kuma ya daɗe yana sakataren ƙungiyar masu zane ta San Luca. Shi kansa ya yi wa fadar Paparoma aiki, ya zana bangon manyan gidaje kamar Villa Falconieri da ke Frascati. Amma ban da wannan, mutum ne da kayan Rumawa da Girkawan dā suka shiga ransa: sulalla, duwatsun zobe masu sassaƙa, fitilun yumɓu, rubutun kabari. Yana tara su, yana zana su ɗaya bayan ɗaya, yana zama da masu cinikinsu. Rum ta wancan lokaci kuwa ko manomin inabi ya zurfafa garma sai ya ci karo da wani abu. Kawunan mutum-mutumi na fitowa ba gangar jiki, gangar jiki na fitowa ba kai, ga dillalai da masu gyara suna jira, su ɗauki kan wannan su liƙa a wuyan wancan, su sa masa sunan da zai fi tsada.

Cikin abokan hulɗarsa akwai wani Bajamushe, Philipp von Stosch, gwanin sanin duwatsun zobe, wanda a ɓoye yake yi wa gwamnatin Ingila leƙen asiri a kan James Stuart mai neman sarautarsu da ke gudun hijira a Rum, yana aika rahoto da sunan John Walton. Ghezzi ya zana masa duwatsu, ya kuma zana shi kansa zaune cikin taron masana kayan tarihi, da mujiya a kusa da shi. A wurinmu wanda ya ajiye mujiya a ɗaki ya jawo wa kansa magana, amma a wurinsu tsuntsuwar hikima ce. A 1724 Stosch ya buga littafi a kan duwatsu 70 da masu sassaƙa su suka sa sunansu a jiki. Littafin ya ƙara wa dutse mai suna daraja, kuma ba a jima ba 'yan damfara suka gane inda kasuwa ta nufa, suka riƙa sassaƙa sunayen Girkanci a kan duwatsun da ba su da shi. Wanda ya rayu a irin wannan kasuwa ya san darajar suna, ya kuma san suna na iya zama ƙarya.

Matsalar ta girmi Ghezzi. Tun a 1570 Fulvio Orsini, mai kula da littattafan gidan Farnese, ya yi ƙoƙarin kawo ƙa'ida: kada a ce wannan fuskar wane ce sai an samu shaida, ko rubutu a jikin dutsen, ko sulai mai ɗauke da fuska da suna tare. Ƙa'ida ce mai kyau. Duk da haka daga aikinsa ne sanannen kuskuren wannan fanni ya bazu. Akwai wani kai da aka samu kwafinsa da dama, tsoho ramamme, gashi a yamutse, gemu tsilli-tsilli, jijiyoyin wuya a waje, fuskar wanda duniya ta gasa. Aka ce Seneca ne, malamin sarki Nero, wanda Neron ya umarce shi ya kashe kansa a shekara ta 65. Kowa ya karɓa, don ai haka ya kamata mai falsafa ya kasance. Mai zane Rubens ya mallaki kwafi ɗaya, ya sa shi cikin zanensa. Aka samu na tagulla a tsohon garin Herculaneum na Italiya a 1754, shi ma aka ce Seneca. Fiye da shekara 200 ana haka. Sai a 1813 aka tono wani dutse a Rum mai fuska biyu da suka juya wa juna ƙeya, ɗaya Socrates, ɗayan kuma an rubuta SENECA a ƙirjinsa. Mutum ne mai ƙiba, mai sanƙo, ba gemu, haɓa ta ninku, kamannin attajirin da ya ci ya ƙoshi, kuma dama Seneca na cikin masu dukiyar zamaninsa. Dutsen yana Berlin yanzu. Shi kuwa ramammen tsohon har yau ana ta canki-canki, wasu su ce mawaƙi Hesiod ne, wasu su ce wani ne dabam. Kama da wane ba ta wane.

Ghezzi ya mutu yana ganin wancan kai a matsayin Seneca, kamar kowa. Amma ya ga ɗaya gefen matsalar da idonsa. A 1726 aka gano wani babban ɗakin kabari a kan hanyar Appia, inda aka ajiye tokar bayi da 'yantattun gidan Livia, matar sarki Augustus. Bango ne cike da ƙananan ramuka jeri-jeri, kowane da ɗan allonsa na dutse. A kan allunan akwai sunaye da ayyuka: mai gyaran gashi, maƙerin zinariya, mai ɗinkin gyara, ungozoma, likita, mai tsaron ƙofa, mai ɗebo ruwa. Ghezzi ya zana wurin, aka buga zanen a 1731, kuma ginin bai daɗe ba ya lalace, aka kwashe allunan zuwa wasu wurare. To ga sunaye ɗaruruwa ba fuska ko ɗaya, ga kuma shaguna cike da fuskoki ba suna. Ba shi ya faɗa ba, fahimtata ce, amma ina ganin wanda ya zauna yana kwafe sunan mai gyaran gashin Livia ba zai zana kukun wani babban limami ya bar shi haka nan ba. Zai rubuta ko shi wane ne, da gidan da yake aiki.

Dubi abin da wannan ɗabi'a ta haifar. A 1723 Antonio Vivaldi, mai tsara kiɗa da ake wa laƙabi da Jan Limami, ya zo Rum daga Venis domin wasan waƙarsa da aka yi a gidan wasa na Capranica. Ghezzi ya zana kansa da kafaɗunsa ta gefe: dogon hanci mai lanƙwasa, baki a ɗan buɗe kamar zai yi magana, gashi ya zubo. A ƙasa ya rubuta cewa wannan shi ne Jan Limami, mai tsara kiɗa, wanda ya yi wasan Capranica a 1723. Layi ɗaya ke nan. Akwai wani zanen fenti mai kyau a Bologna, wani mutum da goge a hannu da jan mayafi, wanda shi aka fi liƙawa a jikin fayafayan Vivaldi. Ya fi na Ghezzi kyan gani nesa ba kusa ba, sai dai ba suna a jikinsa, kuma masana ba su daina jayayya a kan ko shi ne ba. Na Ghezzi kuwa ba mai musu.

Na Pergolesi ya fi taɓa ni. Matashi ne mai tsara kiɗa da ya rasu yana da shekara 26 a 1736. Bayan mutuwarsa sunansa ya yi tashe, aka riƙa ƙirƙiro masa kyawawan fuskoki irin na saurayin da ya dace da waƙoƙinsa. Ghezzi, wanda ya gan shi, ya zana shi da faffaɗar fuska da guntun hanci, ba wani kyau, ya kuma rubuta cewa gwani ne ƙwarai, kuma ƙafarsa ta hagu ta wahalar da shi har yana ɗingishi. Amma a cikin wannan rubutun ya sa ranar mutuwarsa a watan Fabrairu a Napoli, alhali a watan Maris ya rasu a Pozzuoli. Abin da ya gani da ido, fuska da ɗingishi, ya faɗa daidai. Abin da aka ba shi labari daga wani gari, ya kuskure. Wannan takarda ɗaya ta koya mini abin da nake amfani da shi kullum a wurin aiki: rubutun bayan hoto ba abu ɗaya ba ne, sai ka raba abin da mai rubutun ya shaida da abin da ya ji.

Na san akwai masu karatu da za su ce ina ruwanmu da zanen mai rai. Wannan magana ce ta malamai, ba ita ta kawo ni ba. Amma kusan kowane gida akwai tsohuwar jaka ko akwatin ƙarfe da hotuna a ciki, kuma matsalarsu ita ce ta shagunan Rum.

An taɓa kawo mana kwali guda na hotuna baƙi da fari bayan rasuwar wani dattijo. Hotunan situdiyo ne yawanci, labule mai zanen bene a baya, tukunyar fulawar roba a gefe, maza sun sha babbar riga an ɗora hannu a gwiwa don agogo ya fito. A bayansu ba komai sai hatimin mai hoto, wani ma ya goge. 'Ya'yan sun gane mahaifinsu, sun gane mutum biyu ko uku, sauran sai kallo. Muka ɗauki kwalin muka je wajen matansa biyu da ke raye. Uwargidan ta karɓi hoto ɗaya, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta nisanta shi da idonta.

"Hajiya, wannan na tsayen fa?"

"Ƙanen Malam ne, wanda ya yi aikin reluwe. Ka ga kunnen, duk gidansu haka suke."

Abokiyar zamanta ta miƙo hannu ta duba. "A'a Yaya, wannan ai abokinsa ne da suka je Makka tare. Shi na reluwe bai kai haka tsawo ba."

Suka yi ta yi, kowacce da hujjarta, kuma ba wadda ta janye. A katin hoton na rubuta duka biyun, na sa wadda ta faɗi kowanne, da ranar da aka faɗa, da cewa uwargidan ta zauna gida ɗaya da ƙanen, amaryar kuwa bayan ya bar gari aka kawo ta. Ban zaɓa musu ba. Mai zuwa bayana yana iya samun wani hoton da zai raba gardamar, kuma zai buƙaci sanin daga bakin wa kowace magana ta fito. A bayan hoton kuma lamba kawai na sa, da fensir mai taushi, a gefe. Biro ba ya taɓa bayan hoto a wurinmu: yana huda takarda ya fito ta fuska, tawadarsa kuma tana tsiyaya ta ɓata na ƙasa idan aka jera su.

Ta fannin zanen kansa ma akwai abin ɗauka. Ɗalibai sukan ɗauka zanen gefe na malalata ne, don ido ɗaya za ka yi, kunne ɗaya. Ba haka ba ne. Wanda ya saba juya sulallan Rumawa a tafin hannu ya san cewa a fili kamar na farcen babban yatsa mai sassaƙa yake bambanta Nero mai kaurin wuya da sarki Nerva mai dogon hanci da siririn wuya, kuma layi ɗaya ne ke ɗauke da aikin, daga goshi ya gangaro hanci, leɓe, haɓa, maƙogwaro. Idan ya kauce kaɗan, wani mutum ka zana. Idon Ghezzi a nan ya yi makaranta. Layin gefen yakan ja shi da tabbaci, sauran jiki kuma ya cike da gajerun layuka a jere masu bin hanya ɗaya, ba ya tsayawa shafe-shafe. Ƙarin gishirin da yake yi ma ba na zalunci ba ne sosai. Yakan nemo abin da ya raba mutum da sauran jama'a ya ɗan ja shi, yadda wanda ya san mai shi zai ce wallahi shi ne tun kafin ya karanta sunan.

Sai dai idon da ya sha kallon kayan dā yana da nasa ciwon, kuma wani mai tara kayan tarihi da ya zo Rum bayan Ghezzi ne ya nuna mini shi. August Kestner, ɗan Hanover ta Jamus, an haife shi a 1777, ya zauna a Rum yana aikin jakadanci daga 1817, ya rasu can a 1853. Yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar binciken kayan tarihi ta Rum a 1829, wadda daga baya ta zama ta Jamus, kuma a 1827 shi da abokinsa Stackelberg sun shiga kaburburan Etruskawa, wata tsohuwar al'ummar Italiya, a Tarquinia suna kwafe zanen bango. Kayan da ya tara su ne tushen gidan tarihin da aka buɗe da sunan gidansu a Hanover a 1889. Shi ma yana zana fuskokin mutanen da yake hulɗa da su. A 1820 ya ga wata yarinya a garin Albano, 'yar wani manomin inabi, Vittoria Caldoni, shekarunta wajen 15. Ya ga kamar ɗaya daga cikin mutum-mutumin Girkawa ce ta sauko tana tafiya. Aka kawo ta Rum, aka zaunar da ita a Villa Malta, masu zane da masu sassaƙa suka yi layi: Overbeck, Schnorr von Carolsfeld, Rudolf Schadow, Thorvaldsen da wasu da yawa. Hotunanta sun kai gommai. Kestner da kansa ya yi ƙorafin cewa ba wanda ya kamo ta.

Ni ban yi mamaki ba. Jera hotunan ka gani: wannan ya mai da ita Maryam ta zanen coci, wancan ya mai da ita allahiyar Girkawa, wani ya miƙe mata hanci ya haɗe shi da goshi yadda ake yi a dutse. Kowa ya zo da fuskar da yake nema a kansa, ya ɗora mata. Sunanta bai ɓace ba, an san garinsu, an san ta auri wani mai zane, Grigory Lapchenko, ta bi shi Rasha a 1839. Amma da za a ce ka tsamo ta a cikin kasuwar Albano da waɗannan hotuna a hannu, da ka sha wuya. Cutar da ta ba Seneca fuskar wahala ita ce ta ba Vittoria fuskar dutse, sai dai ita tana zaune a gabansu da ranta.

Wannan ciwon nake yaƙi da shi a aji, ko da yake ɗalibaina ba Girkawa ke cikin kansu ba, 'yan fim ne da hotunan waya da aka tace. Ka zaunar musu da kowa, sai ka samu fuska ɗaya ta dawo maka sau ashirin: ido dara-dara, hanci siriri, fata sumul. Suna ganin kyautatawa ce. Shi ya sa na daina kawo musu matasa. Nakan roƙi mai gadi, ko mai shara, ko mai shayin bakin ƙofa ya ba mu rabin awa, a biya shi, a zana shi ta gefe da alƙalami don kada a samu damar gogewa. Kuma ba na karɓar takarda sai an rubuta a ƙasa sunan da mutumin ya yarda a rubuta, da aikinsa, da garinsu, da kwanan wata, da sunan mai zanen.

Wani ɗalibi mai hannu sosai ya kawo mini zanen mai gadinmu, dattijo ne da ya haura sittin. Layin goshi da hanci ya fita, hular ma ta zauna. Amma kuncin fes.

"Ina billen Baba?"

"Malam, na ga kamar zai ɓata zanen ne."

Na ce ya koma. Tsararrakin da ke ɗauke da tsage a fuska suna ƙarewa, jikokinsu ba a yi musu, kuma nan gaba wanda zai duba takardar yana iya gane yankin da mutum ya fito ko gidan da ya haife shi daga wannan 'yar alama fiye da duk inuwar da aka ɓata lokaci ana shafawa. Na ce kuma kada ya tsaya a zanawa, ya gaishe shi da ladabi ya tambaye shi yadda suke kiran tsagen a garinsu, da wanda ya yi masa, ya rubuta a ƙasa cewa daga bakin mai shi ya ji. Ya dawo da layi uku na rubutu, ciki har da cewa wanzamin da ya yi tsagen shi ne ya yi wa mahaifin Baban, na sa hannu na karɓa.